Ina Gonar Malam? Martani a kan maganar "ci-ma-zaune"

A fitowar da ta wuce ta wannan ɗan littafi namu, wani ɗan uwanmu ya yi rubutu a kan bara da almajiranci, ya kira malaman allo "ci-ma-zaune". Na karanta har sau biyu. Rubutun ya yi daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinsa wadda ba mai iya musantawa: yaro ɗan shekara 7 da roba a hannu a tashar mota ba karatu yake yi ba, wahala yake sha. Har nan muna tare. Inda muka rabu shi ne wurin da ya tattara laifin duka ya ɗora wa halin malam, sai ka ce wata rana ce malamai suka wayi gari suka yanke shawarar lalacewa. Tun daga farkon rubutun har ƙarshensa kalmar "gona" ba ta fito ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ɗan ƙasar Dungas ne, kuma a wurinmu duk maganar abinci da ba a ambaci gona a cikinta ba, to ba a ma fara ta ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Malamin da ya rubuta mini allona na farko yana da gona a yamma da garinmu. Da damina mu almajiransa mukan je mu yi masa noma da hantsi, mu dawo karatu. Duk mun ɗauka gonar tasa ce, don kowa "gonar malam" yake ce mata. Ashe aro ce. Wani dattijo ne ya ba shi tun kafin a haife mu, ba takarda, ba shaida sai Allah da dattawan gari. Da dattijon ya rasu aka zo rabon gado, magada suka ce suna son gonarsu. Ba su yi zalunci ba, haƙƙinsu ne, su ma suna da yawa kuma abin da ya rage musu bai kai ya kawo ba. Shekarar da ta biyo baya malam ya kwashe yara ya tsallaka iyaka ta wajen Maigatari, ya nufi Kano ci-rani. Da can wata uku yake yi ya dawo shuka. Daga wannan shekarar kuwa babu abin da zai dawo ya shuka. To ɗan uwana, wannan mutumin da kake kira ci-ma-zaune, ni na san shi da hauya a kafaɗa.

Tunda karatun harshe nake yi, bari mu duba kalmomin da muke biyan malam da su, don a cikinsu wayon yake. Ɗauki kalmar "lada". A Hausa tana da fuska biyu. In ka sa mutum ya yi maka yaɓe, ladansa kuɗi ne, kuma kafin guminsa ya bushe za ka ba shi. In ka yi sallar nafila, ladanka yana wurin Allah. Kalma ɗaya ce, ma'ana biyu. Sai ka lura, duk lokacin da aka zo kan malamin da ya koya wa ɗanka baƙi da wasali, ma'ana ta biyu muke zaɓa: "Allah ya ba malam lada." Mai yaɓe kam ba ka isa ka sallame shi da wannan addu'ar ba. Haka kuma abin da ake kai wa malam ran Laraba, wasu "kuɗin Laraba" suke cewa, wasu kuma "sadaka". Sadaka kuwa a bakin Bahaushe ita ce abin da ka ga dama ka bayar, in ba ka bayar ba babu mai kai ka ƙara. Mushen lakwal yana da albashi, likita yana da albashi, malam yana da sadaka. Da wannan kalma muka mai da haƙƙi ya zama alfarma, sannan muka dawo muna mamakin yadda mai jiran alfarma ya koyi miƙa hannu.

Alhali fiƙihun da muke bi bai ce haka ba. A mazhabar Malikiyya ya halatta malami ya karɓi lada, ladan duniya nake nufi, a kan koyar da Alƙur'ani. Maganar tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda kowane zaure ake karanta ta. Tun a ƙarni na 9 wani malamin Ƙairawan, Muhammad ibn Sahnun, ya rubuta littafi guda a kan ladubban masu koyar da yara, har da yadda za a yi jinga tsakanin uba da malami.

Yanzu zan ɗan yi nisa da ku, sai ku yi haƙuri. A bara, muna nazarin yadda aka fassara kalmomin ƙasa da gado zuwa Hausa, na ci karo da labarin Lawiyawa a cikin littattafan Bani Isra'ila. Kada wani ya ce ɗan Dungas ya koma wa'azin wani addini. A matsayin ɗalibi na karanta, kuma abin da na tarar tambayarmu ce sak, an yi ta tun shekaru sama da 2000: mutumin da jama'a suka keɓe don hidimar addini, me zai ci, ina zai kwana?

Lawiyawa zuriyar Lawi ne, ɗaya daga cikin ƴaƴan Annabi Yaƙubu, kuma daga cikinsu Annabi Musa da Annabi Haruna suka fito. Bisa ga littattafan, da aka raba ƙasar Kan'ana tsakanin ƙabilu, su ba a yanka musu yanki ba. Aka ce hidimar wurin ibada ita ce aikinsu, Ubangiji kuma shi ne rabonsu. Kun ji? Daidai da "Allah ya ba malam lada". Da a nan maganar ta tsaya da ban kawo muku ita ba. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da ya biyo baya.

Na farko, wurin zama. A Littafin Ƙidaya, sura ta 35, an umarci sauran ƙabilu su ba Lawiyawa garuruwa 48, mai yawa ya ba da da yawa, mai kaɗan ya ba da kaɗan. Guda 6 daga ciki biranen mafaka ne, inda wanda ya yi kisa ba da gangan ba zai gudu ya tsira kafin shari'a. Littafin Joshuwa, sura ta 21, ya jera sunayen garuruwan, irin su Hebron da Shekem, ya ce 13 daga ciki na zuriyar Haruna ne. Na biyu, filin kiwo. Kowane gari an kewaye shi da fili don dabbobinsu, kuma an faɗi awonsa da kamu: an ambaci kamu 1000 daga ganuwa, an kuma ambaci kamu 2000 ta kowace kusurwa. Masu sharhi sun daɗe suna jayayya a kan yadda lambobin biyu suke haɗuwa, amma kamu 1000 wajen mita 450 ke nan. Na uku, wannan filin ba a sayar da shi har abada, kamar yadda ya zo a Littafin Firistoci, sura ta 25, kuma in Balawi ya sayar da gidansa saboda matsi yana da damar fansarsa ko yaushe. Na huɗu, ushiri: kashi ɗaya cikin goma na amfanin ƙasa nasu ne, su ma kuma sai su fitar da ɗaya cikin goma na abin da suka karɓa su ba firistoci. Wato mai karɓa ma ana binsa lissafi.

Ga wani abu da ya burge ni a matsayina na ɗalibin harshe. Kalmar Ibrananci ta wannan kashi, ma'aser, da kalmar Larabci ushur wadda ta ba mu "ushiri", tushensu ɗaya ne, daga kalmar "goma" a harsunan biyu. Dami goma a fitar da ɗaya, kamar yadda kakanninmu suke yi a bakin rumbu. Filin kiwon nan kuwa migrash ake kiransa, kuma masana da yawa suna danganta shi da aikatau mai ma'anar "kora", wato inda ake kora dabbobi su yi kiwo.

Amma fa kada mu ɗauki abin kamar aljanna. Masana tarihi sun rabu a kan ko garuruwan nan 48 sun taɓa tabbata yadda aka rubuta. Bajamushen nan Julius Wellhausen, a ƙarni na 19, ya ɗauke su a matsayin tsari na takarda kawai. Wasu irin su William Albright suka ce jerin yana nuna wani abu na gaske daga zamanin Annabi Dawuda. Littattafan da kansu ma sun tona asiri. Maimaitawar Shari'a tana yawan jera Balawi tare da baƙo da maraya da gwauruwa, tana roƙon kada a manta da shi. Ai wanda ya ƙoshi ba a sa shi a wannan layin. A Littafin Mahukunta, sura ta 17, akwai wani saurayi Balawi da ya bar garinsu yana yawon neman inda zai zauna, wani mai hali ya ɗauke shi ya zama firist na gidansa a kan azurfa 10 a shekara da tufafi da abinci. Da wasu masu ƙarfi suka zo suka yi masa tayin da ya fi, sai ya bi su. A Littafin Nehemiya kuma, sura ta 13, zamanin mulkin Farisa, an daina ba Lawiyawa rabonsu, sai suka watsar da wurin ibada kowa ya koma gonarsa.

Ku dubi waɗannan biyun da kyau. Ɗaya ya zama malamin mai kuɗi, yana faɗin abin da mai gida yake son ji. Sauran suka bar aikin gaba ɗaya. Wallahi duka biyun mun san su. Mun san malamin da ya zama ɗan koren ɗan siyasa lokacin zaɓe, mun kuma san alaramman da ya jingine allo ya koma sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Mu namu har da na uku: wanda ya riƙe aikin, amma ya ɗora nauyin cikinsa a kan yara.

To mu fa, ba mu taɓa yin irin wannan tsari ba? Mun yi mana. Kalmar tana bakinmu har yau: "hurumi". Hurumin gari shi ne filin da ba na kowa ba kuma na kowa, makiyaya da maƙabarta da filin idi. Tushenta na Larabci ɗaya ne da na "haram" da "harami", wato abin da aka tsare, ba a taɓawa. Malaman Malikiyya sun yi bayanin harimin gari, inda mutane suke itace da kiwo su je su dawo a yini guda, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. Daga wannan tushen dai aka samu "mahram", takardar da sarakunan Barno suke ba wasu gidajen malamai, wadda take tsare su da dukiyarsu daga haraji da aikin yaƙi. A Barno har ƙauyuka ake da su na malamai da almajiransu, suna noma suna karatu. Kulumbardo, garin malaman nan da ya yi suna a ƙarni na 17 zamanin Shehu Abdullahi al-Barnawi, yana cikin ƙasar da yau take Nijar. Damagaram kuwa ta daɗe tana ƙarƙashin Barno, kuma har gobe in gardi ya ce zai tafi "gabas" kowa ya san abin da yake nufi.

A ƙauye abin bai kai ga takardar sarki ba, amma tsarin yana nan. Malam ya sauka a gari, mai gari ya nuna masa fili ya kafa tsangaya, ya nuna masa daji ya sare. Almajirai su yi noma da damina. Da kaka a kai masa zakka. Gidaje su raba yara, kowace uwar ɗaki ta san almajirinta, ta san kwanonsa. Da rani a tafi ci-rani don rage wa rumbu nauyi, a dawo da ruwan farko. Bara tana ciki, amma ƙafa ɗaya ce cikin ƙafafu huɗu. Yau an sare uku, an bar ɗaya, shi ya sa kujerar take faɗuwa a kan yara.

Me ya sare su? Na farko, ƙasa ta ƙare. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Yankinmu na Magarya da Dungas yana cikin mafi cunkoso a ƙasar. Dungas kaɗai, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ta haura mutum 350,000 a ƙidayar 2012. Babu sauran dajin da mai gari zai nuna wa baƙo. Burtali ma an cinye shi, balle hurumi. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin ke kallonta. Na biyu, aro ya zama abin tsoro. Tun da aka yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce a zamanin Seyni Kunce, bayan juyin mulkin 1974, masu gona suka fara ɗari-ɗari da ba da aro mai daɗewa, kada a wayi gari ta zama ta wani. Sai jingina da haya da saye suka maye gurbi, su kuwa kuɗi suke so. Na uku, wanda bai noma abin da zai kai shi watan shida ba, wace zakka zai fitar? Hatsinsa ma bai kai nisabi ba. Kun tuna a watan Maris na 2022 da gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga Dakar, akasarinsu mata da yara daga Kance da Magarya? Waɗannan ba malami ne ya tura su ba. Rumbu ne ya tura su.

Kada ɗan uwana ya ce na zo wanke malamai. Akwai inda yake da gaskiya har fiye da yadda ya faɗa. Akwai malamin da yake karɓar yara 80 alhali ya san ba zai iya ciyar da 8 ba. Akwai mai yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kullum, in bai kawo ba ya sha bulala. Wannan zalunci ne, babu wata gona da za ta wanke shi. Tsohon tsarin ma ba tsarkakakke ba ne: gumin yara ne yake noma gonar malam, wani yaron ya shekara biyar ya fi sanin hauya da allo, kuma a zamanin sarakuna manyan malamai da yawa bayi ne suke yi musu noma. Sannan akwai bambanci babba tsakaninmu da Bani Isra'ila. Su Lawiyanci gado ne, ana haihuwar mutum a cikinsa. Mu malanta ba ƙabila ba ce, ɗan maƙeri yana iya zama alaramma, ɗan alaramma yana iya tashi jahili. Ayar da ta lissafa mutum takwas masu cin zakka, a Suratut Tauba, ba ta ambaci malami da sunan malanta ba. Saboda haka ba cewa nake a yanka wa wasu gidaje ƙasa su gada har abada ba. In aka yi haka, sabbin sarakai kawai za a ƙirƙiro.

Abin da nake ɗauka daga labarin Lawiyawa ɗabi'a ce guda: an faɗi maganar Allah, sannan aka ɗauko igiyar awo. An faɗi garuruwa nawa, kamu nawa, wa zai bayar, me aka hana sayarwa, me mai karɓa zai mayar. Mu kuwa mun tsaya a addu'a.

Kuma kayan aikin suna hannunmu. Musulunci yana da waƙafi, wato a tsayar da asalin dukiya, ba sayarwa ba gado, amfaninta ya riƙa tafiya inda aka nufa. Dokar ƙasa ma ta buɗe ƙofa: tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, daga gunduma har ƙauye, kuma suna rubuta shaidar kyauta da aro da saye. Da dattijon garinmu ya tsayar da gonar nan waƙafi, aka rubuta, aka sa hannu gaban mai gari, da magada sun san matsayinta tun farko, da malam bai tafi Kano ba. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta ta da sunan makaranta, kada a rubuta da sunan malam. In ya rasu ko ya tashi, gona ta zauna wa wanda zai gaje allon. A kuma ɗaura mata ƙa'ida kamar yadda aka ɗaura wa Lawiyawa: yara kaza za ka riƙe, ba za su kwana a tasha ba, ba za su yi noma lokacin karatu ba, kuma iyayen gari za su duba rumbun sau biyu a shekara.

Na san abin da za ku ce: kai da ka gama faɗa mana ƙasa ta ƙare, ina za a samo gonar? Gaskiya ne, ba kowane gari ne zai samu ba. Amma ba sai eka goma ba. Wani gari ɗan fili ne a fadama da rijiya, a yi lambun rani. Wani gari tumaki biyar ne na makaranta. Wani gari rumbun tsimi ne, kowane gida ya zuba tiya biyu da kaka, a rubuta a kaye, a karanta a masallaci ran Juma'a kowa ya ji. Ƴan garinmu da suke Kano da Legas da Agadas da Libiya suna haɗa kuɗi su sa wa masallaci tayil da lasifika huɗu. Madalla. Amma liman da malamin da suke cikin masallacin fa, tayil za su ci? Uban da ya tura ɗansa kuma, in ya san dole ne ya bi shi da hatsi ko kuɗi kowane wata, zai yi tunani sau biyu kafin ya tura na uku.

Mu da muke jami'a muna da abin yi a nan, kuma bai fi ƙarfinmu ba. In an tafi hutu, kowa ya zauna da dattawan garinsu ya tambaya: ina gonar malam take da, wa ya bayar, yaushe ta fita, ina hurumin gari ya tsaya? A rubuta da sunayen wuraren yadda tsofaffi suke faɗinsu, kafin su tafi da abin a cikinsu. Wanda ya iya Faransanci ya taimaka wa mai son tsayar da waƙafi ya cika takarda a wurin Kofo. In mun tara abin da muka samo daga Guci da Malawa da Dogo-Dogo da Wacha da Bande, ai fitowa guda ce ta wannan littafi, kuma za ta fi zagi amfani.

Ɗan uwana, na gode da ka tayar da maganar, don da ba ka rubuta ba da ban yi wannan binciken ba. Ina jiran amsarka a fitowa ta gaba. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kafin ka rubuta, ka tambayi babanka ko kawunka wa ya ciyar da malamin da ya koya musu Fatiha, kuma da me. Allah ya sa mu dace. Wassalam.